Kawu Hammawa da Kankanar Zuba

Har yau a gidanmu ba a daidaita ba kan abin da ya sami Kawu Hammawa, ƙanen mahaifiyata. Ni da ake tambaya tarihin kowa, nasa kam ban san ta inda zan kama ba.

Ya daɗe yana aikin lambu a gidan wani Bajamushe a Maitama, cikin Abuja. In yana ban ruwa, ogan yakan tsaya da gurguwar Hausarsa yana ba shi labarin wani malamin falsafa na ƙasarsu da ya rasu tuntuni. Wai malamin ya ce kafin ka yanke wa abu hukunci, ajiye duk abin da aka gaya maka, ka dube shi yadda ya bayyana gare ka. Wai kuma zuciya tana rigan kai gane abin da ya kamata.

Da ogan ya koma ƙasarsu, Kawu ya samu tsaron rumfar kankana ta Alhaji Manniru a Zuba. Kowa ya san yadda ake yi a can: ka ƙwanƙwasa, ka kasa kunne, ka ce wallahi zuma ce. Kawu ya ƙi.

"Malam, tana da zaƙi?" in ji mai saye.

"Hajiya, ban ga cikinta ba. Kore na gani, ƙara na ji."

Sai ta wuce rumfar gaba.

Matarsa, Inna Azumi, ta ce, "Malamin falsafan nan da ko sunansa ba ka iya faɗa ba, shi zai ciyar da mu? Ɗariƙa ce ka shiga, ka gaya mini!" Wasu suka ce a kai shi ruƙiyya. Liman kuwa ya ce bai ga laifin wanda ya ƙi rantsuwa ba.

Alhaji ya kira shi: "Hammawa, ko ka yabi kayana, ko ka ba ni wuri."

Kawu ya ɗauki kankana guda, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji, wataƙila."

Ranar ya bar rumfar.

Yanzu yana Karu da faranti, yankakkiya yake sayarwa, jan cikinta a fili. Na taɓa tambayarsa ko ya fahimci malamin nan kuwa. Ya ce, "Rumasa'u, anya. Ungo, ɗanɗana ki gaya mini."