Autar Direban Jirgi Ta Ci Kofi

Mahaifinta tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da abin so kamar wasan ces, wato darar Turawa. Har 'ya'yansa ya raba wa sunaye daga allon. Babban yayanta shi ne doki, don ba ya gaida kowa sai dai ya tsallake. Yayarta kuwa giwa mai tafiya a karkace, don ba ta taɓa faɗin magana kai tsaye, sai ta karkace. Innarsu sarauniya ce, ita ke kai-komo a gidan gaba ɗaya, shi kuma sarki yana zaune ana kare shi. Ita auta aka bar wa kurtu, sojan da ke tafiya taku ɗaya-ɗaya. Aikinta ta jera 'ya'yan ces in abokansa sun zo, ta kwashe in sun tafi.

Yayyenta suka yi karatu suka watse. Ita ta buɗe shagon wanki da guga a ƙofar gida. Da Inna ta rasu, ƙafafun tsoho kuma suka daina ɗaukarsa, abokan suka ɗauke ƙafa. Wata rana ya dube ta ya ce, tunda babu kowa, ta zauna. Haka suka fara, allo a kan teburin guga, tana karin wando tana tura doki. Bai taɓa ɗaga mata ƙafa ba. Shekara da shekaru yana cinye ta yana dariya, ita kuwa ba ta faɗa rami ɗaya sau biyu.

Ta haura arba'in lokacin da ƙungiyar ma'aikatan jirgi ta shirya gasar ces, ita ma ta ba da sunanta. Yayanta ya bugo waya ya ce kada ta je ta kunyata su. Tsoho ya karɓe wayar.

"Kai ka taɓa kai ni rabin wasa? To, ja bakinka ka yi shiru."

Ta rufe shago, ta tura tsoho a keken guragu har zauren gasar. A wasan ƙarshe ta haɗu da wani injiniya mai natsuwa, wanda ya matse ta sosai. Ta daɗe tana kallon allo, sannan ta ba da sarauniyarta da gangan. Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus, tsoho ya runtse ido. Ba a jima ba injiniyan ya gane tarkon, ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya miƙe yana tafa mata.

A hanyar gida tsoho ya rungume kofin a cinyarsa, ya hana kowa taɓawa. Duk wanda suka gamu da shi sai ya sa ta tsaya, ya ba shi labari daga farko. Sai da suka kai ƙofar shago ya ce ta ɗauko allo, akwai wata tafiyar doki da ta yi wadda bai gane ba, yana so ta koya masa.