Na karya bindigar kafilina

Jama'a, yau na shiga uku!

Kafilina, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a nan nake yi masa tuƙi, shi na kai filin harbi bayan garin Dir'iyya. Da hannunsa yake ɗura harsasansa. A harbi na uku kwanson harsashi ya maƙale a ciki, sakatar bindigar ta ƙi jawuwa. Ya miƙo min, ya ce, "Yalla Habu, kai ne mai ƙarfi."

Na ja, ko gezau. Na ɗauki katako na buga. Ƙas! Hannun sakatar ya faɗi ƙasa, kwanson yana nan daram!

Ya durƙusa ya ɗauka, ya ce, "Ta marigayi mahaifina ce."

Da muka iso ƙofar gida ya ce min: "Ajiye makullin motar."

Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, saura sati biyu ta ƙare, kuma shi ne mai sabunta min ita. Ku sa ni a addu'a.