Ranar da kawunta ya zo ganin sana'ata

A unguwarmu ta Nima ba a ba ka mace sai wani babba daga gidansu ya zo ya ga abin da kake ci da shi. Ni kuwa a ƙarshen shekarun casa'in sana'ata wata tsohuwar kwamfuta ce a wani ɗan shago bakin kwata, ina buga wa mutane katin suna da na biki. Manhajar cikinta ta tsufa tukuf, amma tana aiki.

Aka aiko mini cewa kawun yarinyar da nake nema zai zo ranar Asabar. Dattijo ne mai shagon atamfa a Zongo Lane, kuma abin da ya faɗa shi gidan za su bi.

Sai rawar kai ta kama ni. Na ce dole injin ya tarbe shi da karatun Alƙur'ani. Matsalar ita ce tsohon kanel ɗin, wato zuciyar manhajar da ke magana da sassan injin, bai san na'urar sautin da na sa ba. Na samo sabo a faifai wajen wani abokina a Kokomlemle, na ɗora da safiyar Asabar ɗin. Don tsabar iyayi har na goge tsohon, wai ya cika mini wuri. Wa ya aike ni?

Kawu ya iso da abokinsa, na ba su benci da ruwa, na kunna. Rubutu ya zubo, ya zubo, ya tsaya cak. Sabon kanel bai ga rumbun da injin ke ajiye bayanai ba sam. Na kashe na kunna, haka. Na sake, haka. Zufa ta jiƙa mini sabuwar riga. Ina ta zuba bayani da Turanci, abokin yana gyaɗa kai, alhali ko kalma ɗaya bai ji ba. Ana cikin haka wata mata ta leƙo tana tambayar katin sunan jikanta, na ce ta dawo gobe. Ta yi tsaki a gabansu ta tafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya miƙe, ya gyara hula, ya dafa kafaɗata a hankali kamar mai gaida mara lafiya.

"Ɗana, babu komai. Ina neman mai tsaya mini a shago. Ka zo Litinin, sai a yi maganar aure."

Na san gyaran injin, yini ɗaya ya ishe ni. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna kalma ɗaya tasa za ta iya raba ni da ita. Na durƙusa a gaban injina, na ce wa Kawu na gode.