Tsadar Hanyar Maradun da Abin da Ke Bayanta

Muna idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokina mai ɗaukar hoton biki, wanda bai taɓa kallon hotona ya rasa abin kushewa ba. Ni ƙananan tsuntsayen daji nake bi da kyamara. Shi kuwa ya ce zai raka ni ne don ya ga inda nake ɓata hotunan tun daga tushe.

Ba a yi hira a mota ba. Duk inda daji ya matso bakin kwalta sai direba ya ƙara wuta, wata dattijuwa a baya ta ɗaga sautin salati. A shingen jami'an tsaro an buɗe jakata, aka daɗe ana juya dogon gilashin kyamarar kafin a yarda ba makami ba ne.

Da hantsi muka shiga Talata Mafara. Waina da miyar taushe muka karya da ita a bakin tasha, wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Muka sauka gidan kawuna, manomin shinkafa. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya dube ni ya ce, "Jan-baki na cinye muna shinkafa, kai kuma ka zaka ɗaukar su hoto? To, Allah shi kyauta."

Ranar farko Bakura muka yi, a fadamun da ke kusa da gari. Na samu tsattsewa da garken jan-baki sun rufe wata gona kamar hayaƙi. Da yamma abokina ya zauna kan tabarma yana bin hotunan. Ya ce wannan na dasa tsuntsun a tsakiya kamar hoton fasfo. Wancan na yanke masa wutsiya. Na ukun ban bar masa fili ta inda yake kallo ba, sai ka ce zai yi karo da bango. Haushi ya kama ni, don duk gaskiya ya faɗa.

Washegari Kawu ya kai mu gonarsa ta hanyar Maradun, a kan babura, da sharaɗin mu bar wurin kafin azahar. A bakin kwalta muka ajiye baburan, muka ƙarasa da ƙafa. Daga kan hanya za ka gane halin da ake ciki. Gonakin bakin kwalta kore shar, na can ciki ciyawa ta cinye su. Masu aiki a bakin magudanar ruwa ba sa sunkuyawa su daɗe, kowa yana yi yana ɗaga kai.

A nan na gan ta. Tsada ce, tsuntsuwa ƙarama ƙwarai, ƙirjinta shuɗi-shuɗi, ta sauka kan busasshen kara, hasken safiya na dukanta ta gefe. Na kwanta rub da ciki a kan kunya, na riƙe numfashi, na danna. Ta juyo da kai, na sake dannawa, ta tashi.

Na miƙa wa abokina kyamarar ina jiran yabo. Ya ce tsuntsuwar ta zauna daidai, idonta ya fito, amma bayan hoton ya yi datti. "Wannan baƙin abin a gindin tsamiya, me ya hana ka matsa ka kauce masa?" Ya zuƙo wurin don ya nuna mini laifina. Sai ya juyo mana da kyamarar mu gani.

Ko da yake dishi-dishi ne, ana gane ƙahon babur. Ana gane mutane biyu a zaune, ɗaya fuskarsa naɗe da rawani, da wani dogon abu a kan cinyarsa. Kuma mu suke fuskanta.

Kawu ya leƙa sau ɗaya. Bai waiwaya wajen tsamiyar ba. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Kar wanda ya sheƙa. Kar ka sake ɗaga wagga aba. In sun zaci hotonsu kaka yi, ba mu kai gida."

Ya zazzage buhun taki ya tura kyamarar ciki, ya ɗora mini a kai. Abokina ya saɓa fartanya. Muka bi bakin magudanar ruwa a jere, tafiyar waɗanda suka gama aiki. Bayana kamar an ɗora garwashi. Muna tsakiyar tafiya muka ji an tayar da babur. Abokina ya fara Innalillahi, Kawu ya ce, "Ci gaba dai." Ƙarar ta matso, ta tsaya, sannan ta yi gabas har ta ɓace. Su wane ne, me suke jira, har yau ban sani ba. Da muka hau kwalta na zauna a ƙasa.

Da za mu shiga mota washegari, Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kowa ya san tsamiyar nan, kowa ya san gonar wa ke gabanta. Kai za ka tafi, ni nan nike kwana."

Mun iso Gusau lafiya. Na buɗe hoton a kwamfuta, abokina na gefe. Ban ƙara kala ba, ban taɓa haske ba. Yankewa kawai na yi ta yi, har tsamiya ta fita, magudanar ruwa ta fita, ba sauran abin da zai nuna ko a wace ƙasa aka ɗauka. Tsadar ta rage ita da karanta, a takure a firam. Abokina ya ce a ƙa'idar aiki na matse ta da yawa, amma kar in ƙara ko ɗan yatsa.

Abin da na koyo shi ne, kafin ka kalli tsuntsu, kalli abin da ke bayansa, kafin ka saki hoto kuma, tuna wanda ka baro a wurin. Masu yaba hoton suna ta tambayata inda na ɗauka. Cewa nake, a daji. Kawu kuwa ya koma gonarsa, don shinkafa ta kusa yanka.