Ranar da na ga an sare kan sarkin Nasara

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, amma akwai guda wanda ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zai fita daga raina. A shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin fidda kai abin ya faru.

Wana shi ne mai gari a ƙauyenmu, can wajen Dogon Kiriya. Muna da rumbun gari wanda kowane gida ke zuba damma a cikinsa in an yi kaka, kuma shi kaɗai ke da ikon buɗe shi. Rani ya yi nisa, rumbunan gidaje suka ƙare, mata suka koma jiƙa ƴaƴan anza na daji suna zubar da ruwan ɗacinsu. Sukan zo ƙofar wana su tuɓe takalma su durƙusa, shi kuwa maganarsa ɗaya: hatsin iri ne, ba za a taɓa ba sai ruwa ya sauka. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Tsoron baɗi yake ji.

Ana haka jikata da ke lekol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi ta aiko in zo in ga wasan da za su yi kafin hutu. Na hau mota na tafi. Mushensu, wato malaminsu, ya tsaya ya gaya mana da Hausa cewa za su nuna yadda mutanen Faransa suka yi da sarkinsu a zamanin da.

Wani saurayi ya fito a matsayin sarki, da auduga a ka, yana taku ɗaya-ɗaya, yana magana ta hanci. Na ce a raina wannan iskokin Babule ne suka hau shi, har ina waige-waigen mai goge. Wata ƴar kasuwa da ke kusa da ni ta yi dariya ta ce, “Inna, kwantar da hankalinki, ba iska ba ce. Ɗan mai gyaran babur ne.”

Sai ga jikata gaban ƴan mata, kowace da ƙwarya wofi, sun nufi fada suna neman abinci. Ban ji Faransancinsu ba, amma ƙwarya wofi ba ta buƙatar tafinta. Daga nan taron ya yamutse. Aka cire wa sarki hula, aka ɗaure hannuwansa, aka kwantar da shi ƙarƙashin wani katako mai faffaɗar wuƙa ta kwano. Wuƙar ta faɗo. Wani duma da aka zana wa ido ya gangaro ya tsaya dab da ƙafata.

Mutane suka yi ta tafi. Da aka tashi na tare mushen na tambaye shi ko tatsuniya ce. Ya ce a'a, an yi, kuma ba abokan gaba suka zo daga wata ƙasa ba, talakawansa ne. Na riƙe baki. Nasaran da kakana ya ce sun sa an yi masa bulala don bai sauka daga jaki ya gai da sarki ba, ashe su nasu sarkin yanka shi suka yi.

Da muke cin tuwo na tambayi jikata ko matan nan ba su fara da roƙo ba. Ta ce sun daɗe suna roƙo, daga baya suka bari. Nan na tuna an kwana biyu ban ga mace ko ɗaya durƙushe a ƙofar wana ba. Shi har yana murna, wai sun haƙura.

Washegari na koma gida. Na bi ta bakin rijiya, mata suna hira, suna ganina suka yi tsit. Ban tsaya ba sai zauren wana. Na shiga da takalmana, abin da ban taɓa yi ba tun da aka naɗa shi. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata.

“Ke, lahiya? Ko Dogon Dutsi ta koya miki sabon ladabi?”

Na zauna na kwashe labari duka na gaya masa, har duman. Ya yi tsaki ya ce mu ba Nasara ba ne, mutanensa ba za su ɗaga masa ko tsinke ba.

Na ce, “Yaya, yunwar fa, ita ma ta Nasara ce? Yaushe rabonka da ganin matan garin ga a ƙofarka?”

Ya juya ya dubi ƙofa. Babu mace ko ɗaya a wurin.

Da hantsi ya sa aka tara gari. Ya ce a ware na iri a gaban kowa, sauran a raba. Samari suka ɗage murfin rumbu, ɗaya ya shiga. Damman sama lafiya lau. Da ya kai ƙasa sai ya fara miƙo kara da turɓaya. Gara ta shigo ta gindi ta cinye kusan rabi, ga gininta nan kowa yana gani.

Wana ya zauna a ƙasa, a ƙasa tsirararta, da rawaninsa. Ya ce mini a hankali, “Da na jira, da ni za a ce na ci.”

Abin da ya saura aka raba, ya riƙe mu da ƙyar har ruwa ya sauka. Da za a watse, wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta, ta tuɓe takalma, ta gaishe shi.

Bayan shekaru wana ya rasu a kan gadonsa, da kansa a wuyansa. Ni kuwa tun ranar na riƙe abu guda: mai mulki ya gode Allah muddin masu yunwa suna zuwa ƙofarsa suna kuka. Ranar da ya ga ƙofar ta yi shiru, ya tashi ya buɗe rumbu.