Malama Mas'uda, Mai Awon da Kowa ke Gudu

Kullum da hantsi Malama Mas'uda kan wanke hannu, ta ɗauko siririyar roba mai 'yar balan-balan a baki, ta rufe taga, ta kira mace ta farko. Aikinta awon ƙarfin dubura ne: a zura robar, na'ura ta nuna ko naman wurin yana iya riƙe bayan gida. Shekara goma sha tara tana wannan aiki a wani asibiti a Sakkwato, amma har gobe mutanen garinsu Wurno "mai leƙen ɗuwawu" suke ce mata. Allah wadaran bakinmu!

Ta dalilin yayata Turai, da ke aure a Boyekai, na san ta. Haihuwa ta biyar ce ta yage ta, daga nan kashi ke zubo mata ba ta sani ba. Shekara shida ba biki ba suna, alwala ba ta kai ta sallama. Mu kuwa muka ce basir ne, muka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe har ta rame.

Ranar awon Turai ta kwanta tana makyarkyata. Mas'uda ta lulluɓe ta da zane, ta ce, "Ƙanwata, mi kunka shuka bana, albasa ko wake?" Suka yi ta hirar albasa. Daga baya Mas'uda ta gaya mini mai tsoro ɗaure jiki take yi, na'ura ta yi ƙarya, a sallame ta a ce lafiyarta lau. Sai da Turai ta yi dariya sannan Mas'uda ta ce mata, "To, matse. Yi tari. Kin ji iska ta shiga?" Awon ya nuna naman ya tsinke, likita ya ɗinke shi.

Ke ce kika tsaya inda kowa ya toshe hanci, Mas'uda. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ma'aikatan jinya uku aka turo ki koya wa, duk sun nemi canjin ɗaki, wai kada a ji a gida. Wallahi abin yana ci mini rai.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma 'ya'yanmu ma'aikatan jinya masu farin kaya, ko ɗaya ce ta daure ta je ta koya. Jiya na bar wasu mata takwas daga Goronyo da Rabah a bencin ƙofar Mas'uda, kowacce ta ƙi karyawa don kada ta ɓata zane a mota. Ranar awon da aka rubuta wa ta ƙarshensu, cikin watan gobe ta faɗa, bayan Mas'uda ta ajiye aiki.