Auta da Sakamakon Gwajin Wata Mata

Tun tana ƙarama Auta ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta koyi ɗinki wata huɗu ta bari, ta sayar da katin waya ta gaji, daga ƙarshe yayanta ya samo mata aikin karɓar baƙi a wani ɗakin gwajin jini. Kujera ɗaya, fanka mai ƙara, kwamfuta mai nawa. Ko a can ƙafarta ba ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur ba.

Wata safiya tana rubuta wa wani dattijo adireshin da zai duba sakamakonsa a intanet, da ta zo gwada shi a kwamfuta sai ta sa bakwai maimakon shida a lambar ƙarshe. Sai ga sakamakon wata mata ya buɗe, da sunanta da cutarta, ba a nemi kalmar sirri ba. Ta rufe da sauri.

Da ta gaya wa Oga, mai ɗakin gwajin, sai ya ce wannan matsalar kamfanin da ya yi musu manhajar ce. Yayanta kuwa kama kai ya yi.

"Auta, ki rufa mana asiri. Gobe su ce ke kika fasa musu."

"Yaya, da naka aka gani fa?"

"Ni lafiyata ƙalau."

Abin ya ƙi barinta. A hutun rana ta yi ta lalube, har ta gano akwai masu farautar irin wannan ɓarakar a manhajoji su kai rahoto, kuma akwai darussa kyauta dominsu, da shafukan da aka gina da ɓaraka da gangan don gwajin hannu. Turancin ya yi mata nauyi, sai ta riƙa tsayar da bidiyo tana kwafa a littafi, abinci na hucewa. Darasin da ya fi tsaya mata shi ne: kada ka leƙa bayanan kowa, ka gwada da naka.

Don haka ta sa aka ɗebi jininta sau biyu a mako ɗaya, ta samu sakamako biyu nata na kanta. Ta sa lambar na biyu a adireshin na farko, shi ma ya buɗe ba kalmar sirri.

"Wai aure za ki yi ne ba mu sani ba?" in ji mai ɗibar jinin.

Sau biyar ta sake rubuta rahoton: abin da ta gani, yadda za su gani da kansu, da wanda zai cutu. Ta tura wa kamfanin. Kwana goma sha ɗaya tana duba waya, har a layin mota.

Amsar gajeriya ce. Sun toshe ɓarakar, sun gode, suna so su sa sunanta a shafin godiya.

"To, yanzu sai ki natsu," in ji yayanta.

Washegari ta shiga ofishin Oga da takarda, tana so ya sa hannu ya ba ta izinin gwada na'urar da ma'aikata ke danna yatsa da safe, ta ga ko ita ma tana da ɓaraka. Ya karanta sau biyu, ya nemi biro.